Bashin Barci: Yadda Yake Taruwa Tun Daga Farkawa

Idan ka tambayi mutane abin da ke kawo barci, amsa biyu za ka fi ji: gajiya da dare. Kowace na da ƙamshin gaskiya, amma ba su kai ga tushen zancen ba. Ɗan tireda da ya yini zaune a kan benci, bai ɗaga ko buhu ɗaya ba, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare idonsa zai yi nauyi daidai da na wanda ya yini yana huɗa a gona. Maigadin da ya kwana a tsaye kuwa, barci zai kwashe shi da rana tsaka, ko da hasken na dukan fuskarsa. Ashe akwai abu na uku, wanda ba ruwansa da ciwon gaɓoɓi, ba ruwansa kuma da duhu. Wannan abu shi ne tsawon lokacin da mutum ya yi idonsa biyu. Daga sa'ar da ka farka da asuba jiki ya fara rubuta maka bashi, kuma ba ya karɓar biya da komai sai barci. Hutu a zaune ba ya rage shi, abinci ba ya rage shi, ƙarfin hali ma haka.

Abin da ya sa nake ganin batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, yawan bashin da abin da mutum ke ji a jikinsa ba kullum suke tafiya tare ba. Mutum kan ji shi garau alhali bashin ya kai masa iya wuya. A nan hatsarin yake, a nan kuma yawancin kuskurenmu game da barci suke.

Tunanin cewa wani abu na taruwa a ƙwaƙwalwar wanda bai yi barci ba ya haura shekara ɗari. A 1909 wani masani ɗan Japan, Kuniomi Ishimori, ya hana karnuka barci na kwanaki, ya tace wani sinadari daga ƙwaƙwalwarsu, ya yi wa karnukan da suka ƙoshi da barci allurarsa, sai suka ɓingire. A daidai wannan zamanin, a Faransa, René Legendre da Henri Piéron suka yi irin wannan gwaji da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, suka ga abu iri ɗaya. Gwaji ne na rashin tausayi, wanda a yau da wuya a bari a yi shi, kuma kayan aikinsu ba su kai su gane ko wane sinadari ne ba. Amma sun bar tambaya mai kyau: idan ana iya ɗebo buƙatar barci daga wannan dabba a zuba wa waccan, to buƙatar abu ce da ke da jiki, ba lalaci ba ce, ba kuma raunin zuciya ba.

Hanyar auna ta ta samu ne bayan da Bajamushe Hans Berger ya wallafa aikinsa a 1929, inda ya nuna ana iya liƙa wayoyi a fatar kai a ga motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a rubuce. A farke, zanen da na'urar ke fitarwa ƙanana ne masu sauri. Idan barci ya yi nauyi, irin wanda sai an jijjiga mutum yake tashi, zanen kan zama manya masu tafiyar hawainiya, ba sa wuce huɗu a sakan ɗaya. Abin da masu bincike suka lura da shi daga baya shi ne mabuɗin dukan zancen: gwargwadon daɗewar mutum a farke, gwargwadon yawan waɗannan manyan zanen da ƙarfinsu idan ya kwanta. Wanda ya yi sa'a 16 a farke yana da nasa gwargwado. Wanda ya yi sa'a 40 nasa ya fi haka nesa. Wanda kuwa ya ɗan kwanta da yamma, daren nan zanensa zai ragu. Ƙwaƙwalwa na riƙe da lissafi, kuma ga shi ana iya karanta shi a takarda.

A 1982 Alexander Borbély na Jami'ar Zurich a Suwizalan ya tattara wannan ya fitar da bayanin da har yau ake koyarwa. Ya ce abu biyu ne ke juya barcin mutum. Na farko shi ne wannan buƙatar da ke hauhawa a farke, ta sauka a cikin barci. Hawanta ba a miƙe yake ba: tana tashi da sauri a sa'o'in farko na yini, sannan ta riƙa ƙaruwa a hankali. Saukarta ma haka, mafi yawanta a sa'o'in farko na dare take zubewa. Shi ya sa barcin farkon dare ya fi nauyi, ya sa kuma wanda aka tasa bayan sa'a ɗaya da kwanciya yake tashi cikin magagi, bai san gabas ba bai san yamma ba, alhali wanda aka tasa gab da asuba motsi kaɗan ya ishe shi.

Wannan ya bayyana wani abu da ke ba mutane mamaki, wato ba a rama barci sa'a da sa'a. A ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a San Diego ta Amurka, Randy Gardner, ya yi sa'a 264 bai kwanta ba, kwana 11 ke nan, masanin barci William Dement na cikin masu sa masa ido. Ya yi fama da mantuwa, da saurin fushi, da gane-gane. Da ya kwanta, sa'a 14 da minti 40 ya yi ya tashi. Idan aka ƙirga sa'a takwas a kowane dare, ya rasa kusan sa'a 90, kuma bai maido da su duka ba. Jiki ya fi biyan bashin da nauyin barci, ba da tsawonsa kaɗai ba. Kada dai a ɗauki labarin Gardner a matsayin izini. Ɓerayen da Allan Rechtschaffen ya hana barci gaba ɗaya a Jami'ar Chicago a shekarun 1980, cikin mako biyu zuwa biyar suka mutu.

To mene ne ke taruwar? Sunan da ya fi fitowa shi ne adinosin. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na makamashin da jiki ke ƙonawa a zaune. Ƙwayoyin halitta na ajiye makamashinsu a wani sinadari da ake kira ATP, kuma idan suka farfasa shi don yin aiki, adinosin na cikin abin da ke saura. Yana fitowa ya zauna a wasu gurabe na musamman a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Idan ya zauna, sai ya rage wa ƙwayoyin da ke riƙe mutum a farke ƙarfi, ya kuma zaburar da waɗanda ke kawo barci. A 1997 Tarja Porkka-Heiskanen da abokan aikinta a Harvard suka sa siririn bututu a ƙasan gaban ƙwaƙwalwar kyanwoyi, suka riƙa yi musu wasa don hana su barci har sa'a shida. Kowace sa'a adinosin na ƙaruwa a wurin. Da aka ƙyale su suka kwanta, sai ya fara sauka.

A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu, domin Bahaushe ya daɗe da sanin maganin wannan sinadari ba tare da ya san sunansa ba. Fataken da suka riƙa takawa zuwa Gwanja suna ɗauko goro, da 'yan kasuwar da ke sauke shi yau a Mariri ta Kano, kafeyin suke fatauci, sinadarin da ke cikin kofi da ganyen shayi. Ƙirar kafeyin ta yi kama da ta adinosin, don haka yana iya shiga guraben nan ya zauna. Bambancin shi ne idan ya zauna ba ya isar da saƙon komai, tare wurin kawai yake yi. Adinosin na nan, yana ma ci gaba da ƙaruwa, sai dai ya rasa inda zai sauka ya faɗi abin da ya zo da shi. Mai cin goro bai biya ko sisi daga bashinsa ba. Hana shi jin sallamar mai bin bashin aka yi. Da hanta ta gama narkar da kafeyin, guraben suka buɗe, duk abin da ya taru sai ya sauko masa a lokaci ɗaya.

Narkarwar kuma ba ta sauri. A jikin yawancin manya, sai an yi kamar sa'a biyar kafin rabin kafeyin ɗin da aka sha ya fita daga jini. Ga mai juna biyu ya fi haka daɗewa sosai, ga mai shan taba ya fi gajarta. Samarin da suka zauna shan atayi bayan la'asar a Yamai ko Damagaram, da dattijon da ya ɓare goro bayan magariba, za su kwanta da sauransa a jini. Da yawa za su ce su kam ba ya hana su barci, kuma gaskiya suka faɗa, suna kwanciya ido ke rufewa. Amma binciken da Hans-Peter Landolt ya yi a Zurich a 1995 ya nuna ko kafeyin ɗin da aka sha da safe yana rage ƙarfin manyan zanen nan a barcin daren. An yi barci, amma biyan bai cika ba. Jiki kuma na sabawa da shi, har ya kai idan babu sai an ji a jika. Ciwon kan da ke damun wasu a kwanakin farko na azumi, ba yunwa ce kaɗai ke kawo shi ba, akwai rashin shayin safe da goron hantsi a ciki. Ni ban ga laifin goro ba, abin karramawa ne kuma yana da ranarsa. Abin da ke damuna shi ne a ɗauke shi madadin kwanciya.

Da buƙatar nan ce kaɗai ke aiki, da mutum zai tashi garau da safe, ya riƙa lafewa a hankali, kafin la'asar ya zama ba shi da amfani. Ba haka ake gani ba, saboda abu na biyu da Borbély ya ambata, wato agogon jiki. A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan dunƙule mai ƙwayoyi kusan 20,000 da ke zagaye sau ɗaya a cikin kimanin sa'a 24, hasken da ke shiga ido yana daidaita shi kullum. Yadda irin wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta shi ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Aikinsa a yini shi ne ya riƙa tura saƙon farkawa, kuma yana ƙara masa ƙarfi yayin da buƙatar barci ke hawa, don su yi kunnen doki. Saƙon ya fi ƙarfi da daddare, sa'a biyu ko uku kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya. Wannan ya sa wanda ya yini yana hamma sai ka gan shi bayan isha'i ya wartsake yana ta hira, ya sa kuma wanda ya ce yau zai kwanta da wuri don yana da sammako yake ta juyi a kan gado. Daga nan agogon ya janye hannunsa, sinadarin melatonin ya fara fita, zafin jiki ya fara sauka, buƙatar da ta yini tana taruwa ta samu fili.

Idan aka fahimci wannan ja-in-ja, abubuwa da yawa za su warware. Lokacin da ya fi kowane tsanani ga wanda bai kwanta ba shi ne tsakanin ƙarfe uku zuwa shida na asuba, domin buƙata ta kai maƙura, agogon kuma yana ƙasa. Idan ya daure har gari ya waye, sai ya ji sauƙi ya zo, ya ce barcin ya wuce. Bai wuce ba. Agogon ne ya sake tashi ya rufe shi, bashin kuwa ya ƙaru a kan na jiya. Akwai kuma ɗan lafawa da ke zuwa bayan azahar, wanda ake ɗora wa tuwon rana laifinsa, alhali yana zuwa ko ba a ci komai ba, abinci mai nauyi ƙara shi kawai yake yi. Ƙailula a daidai wannan gaɓar ta faɗo, kuma ta dace da ginin jiki. Sharaɗinta ta zama gajeriya kuma da wuri. Idan ta yi tsawo ta kai ga barci mai nauyi, a tashi da magagi. Idan ta kai yamma, ta ci daga abin da dare ke buƙata, ido ya bushe.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali. Yawancinmu ba kwana muke yi a zaune ba, gutsurewa muke yi: sa'a ɗaya ga waya, sa'a ɗaya ga hira ko ƙwallo, sannan ga asuba ba ta jira. A 2003 Hans Van Dongen da David Dinges na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa wani gwaji da suka yi da mutum 48 masu lafiya. An ba wasu sa'a takwas a kan gado kowane dare, wasu shida, wasu huɗu, har kwana 14, wasu kuma aka hana su barci ɗungurungum na kwana uku. Ana zaunar da kowa gaban allo, yatsansa a kan maɓalli, da zarar alama ta bayyana ya danna. Aiki ne da ƙaramin yaro zai iya. Wanda ya ƙoshi da barci yana dannawa kafin ƙiftawar ido. Wanda bai ƙoshi ba, jefi-jefi sai alamar ta fito ya tsaya yana kallonta, rabin sakan, sakan ɗaya, wani lokaci fiye, ido a buɗe amma ba kowa a ciki. Masu sa'a shida kullum irin wannan ɗaukewar tana ƙaruwa, har zuwa ƙarshen mako biyu suka yi daidai da wanda ya kwana ɗaya cur bai runtsa ba, masu sa'a huɗu kuma suka kai na kwana biyu. Amma da ake tambayarsu yadda suke ji, bayan kwanakin farko amsarsu ba ta canja sosai ba. Aikinsu na lalacewa, su kuwa suna ganin sun saba. Duk sanda na ji wani ya ce shi sa'a huɗu ta ishe shi, wannan gwajin nake tunawa. Akwai masu ƙarancin buƙatar barci ta gado, amma ba su da yawa ko kaɗan, kuma ƙwaƙwalwar da za ta yanke hukuncin ko an saba ita ce wadda rashin barcin ya taɓa.

Ɗaukewar nan tana da bayani. A 2011 Vladyslav Vyazovskiy da abokansa a Jami'ar Wisconsin suka sa ido kan ɓerayen da aka daɗe ana hana su barci. Ɓeran yana farke, idonsa a buɗe, yana miƙa hannu ya ɗauki ƙwayar sukari. Amma a cikin ƙwaƙwalwarsa wasu gungun ƙwayoyi kan yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da suke yi a barci, sauran suna aiki. Idan shirun ya faɗo a sashen da ke juya hannu gab da zai miƙa, ya fi saurin kuskure ƙwayar. Wato barci ba sai ya kama kai gaba ɗaya ba, yana iya shiga unguwa-unguwa ba tare da mai kan ya sani ba. A ɗora wannan a kan direban da ya taso daga Legas da dare zai yi arewa. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, ɗaukewar sakan huɗu ta wuce mita 100 ba mai riƙe da sitiyari. Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi sa'a 17 a farke, saurin hannunsa da idonsa sun yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. A sa'a 24 ya ninka. Direban da ba zai taɓa kusantar giya ba, yana iya hawa titi a wannan hali da zuciya ɗaya. Haka ma'aikaciyar jinya da ke lissafin magani a ƙarshen aikin dare. Kuma sau da yawa ba su suka zaɓa ba. Mai mota da ya ce lallai kaya su isa kasuwa kafin hantsi, da mai tsara jadawalin da ya haɗa wa mutum ɗaya dare da yini, suna da kaso babba a abin da zai biyo baya.

Saurin taruwar ba ɗaya ba ne a tsawon rayuwa. Jariri ba ya iya ɗaukar sa'o'i da yawa a farke, shi ya sa barcinsa a rarrabe yake, kuma rigimar yaro da yamma sau da yawa buƙatar ce ta cika. Da balaga taruwar kan yi jinkiri, agogon ma ya ja baya, kamar yadda binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ya nuna, don haka saurayin da ya kasa barci da wuri ba kullum taurin kai ba ne. Da tsufa barci mai nauyi kan ragu, farkawa ta yawaita. Masu fama da rashin barci kuwa sukan yi abin da ke ƙara musu ciwon: su kwanta da wuri, su daɗe a gado da safe, su rama da rana, sai buƙatar ta kasa taruwa yadda za ta kayar da su da dare. Maganin da Arthur Spielman ya gabatar a 1987 kishiyar haka ne, a taƙaita zaman gado na ɗan lokaci, a tsayar da sa'ar tashi, har buƙatar ta yi ƙarfi, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Adinosin dai ba shi ne dukan labarin ba, domin ba a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa yake hawa daidai ba. Giulio Tononi da Chiara Cirelli sun kawo wani bayani a 2003: a farke, mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ta ƙara ƙarfi saboda abin da mutum ke gani yana koyo, wannan kuma na cin makamashi da wuri, sai barci ya zo ya sassauta su. A Jami'ar Tsukuba ta Japan, masu bincike sun gano a 2018 wasu sinadaran furotin guda 80, yawancinsu a mahaɗan nan, da ke tara wata alama a jikinsu gwargwadon daɗewar ɓera a farke, barci kuma ya goge ta. Mai yiwuwa duka waɗannan fuskoki ne na abu guda. Abin da ba a gardama a kansa shi ne daɗewar tsarin a cikin halittu. Ƙudan 'ya'yan itace idan aka hana shi barci yana ramawa. A 2017 an nuna har wata halittar ruwa mai suna Cassiopea, wadda ba ta da ƙwaƙwalwa sam, idan aka dame ta da dare washegari takan lafe.

Ga wanda barci ya kama a kan hanya, Jim Horne da Louise Reyner na Jami'ar Loughborough a Ingila sun gwada dabarun da direbobi suka saba da su, a cikin motar gwaji, a shekarun 1990. Iska mai sanyi a fuska da ƙure rediyo ba su yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Abin da ya yi aiki shi ne a tsaya, a sha kafeyin, a kwanta nan take na kamar minti 15. Kafeyin na ɗaukar kusan rabin sa'a kafin ya kama jiki, don haka ba ya hana ɗan barcin, kuma mutum na tashi daidai lokacin da ya fara aiki. Ɗan barcin ya rage wani abu daga adinosin ɗin, kafeyin ya tare sauran. Wannan na iya ba direba sa'a ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da zai kai shi garin da ke gaba ya nemi wurin kwana.